Na ce masa an saka sunan matarsa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Ni ma na yanke wa kaina, bai zo da sassauci ba.

Ni da aminina, bari in kira shi Malam Sani, masu zanen gine-gine ne, muna digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune bene ɗaya a unguwar Lembah Pantai. Da kullen korona ya mayar da jami'a cikin kwamfuta, sai muka shiga tsara kamfanin da za mu buɗe in mun koma gida, har wani lauya a Kano ya fara mana rajista. Sai cutar ta kama Malam Sani. Daga asibiti ya kira ni, numfashinsa na sarƙewa, ya ce, “Mutumina, in ta Allah ta kasance, ka sa matata, Maman Sadiq, a gurbina.” Na ce, “Haba, kai da ba mu gama rigima kan fentin ƙofa ba?” Ya ce, “Ka dai sa ta lah,” da ɗan “lah” ɗin nan da ’yan Malesiya ke rufe magana da shi. Washegari ya sake tambaya, na ce an sa. Kwana huɗu tsakani muka yi masa salla, daga nesa, cikin takunkumi.

Da na tuntuɓi lauya, ya ce irin wannan kamfani sai mai lasisin sana'ar ke shiga cikin masu shi, ita kuwa Turanci ta karanta. To ga abin kunyar: sanyi na ji a raina. Doka ta yi mini rowar da nake jin nauyin yi da kaina. Na tambaya ko akwai wata hanya? Ko a rubuta mata yarjejeniya a gefe? Ban tambaya ba. Mutumin da ya cinye rabin laburare saboda babi ɗaya, tambaya guda ta gagare shi. Na yi rajista da sunana ni kaɗai, ita kuma na bar ta da abin da mijinta ya faɗa mata kafin ya cika, cewa an sa sunanta.

Yanzu duk mun dawo gida. Jiya ta kira ni tana dariya, irin wadda ban ji ba tun rasuwar. “Baban Amira, wata makaranta ta ba ni koyarwa, na ce su yi haƙuri, ina da ofis.” Ran Litinin za su ba wani gurbin. Ran Asabar kuma za ta zo da lasisin marigayi, ta sa shi a gilashi, ta ce in buga ƙusa kusa da nawa.

Ƙusar dai na saya. Me zan yi?