Ambulan ɗin da na ɓoye cikin likkafanina

Assalamu alaikum 'yata mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Murya na aiko mata don ban iya rubutu ba, na roƙe ta ta rubuta yadda na faɗa, ta sakaya sunana. Na san na haifi da yawanku, amma yau ni ce a ƙasa. Ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci.

Shekarata sittin da bakwai, uku daga ciki a nan Alƙahira na yi su, a unguwar Hayyus Sabi'. Ba karatu ya kawo ni ba. Ni ko makarantar allo ban zauna ba, surorin da nake salla da su da ka na riƙe su. Jikata ce ta samu gurbin karatu, zan kira ta Ummi, ubanta, wato ɗana, ya ce ba za ta zauna wata ƙasa ba babba a kanta. Sai na ce to ga ni. Na zo gadi, kuma na yi gadin da gaske. Namiji ba ya taka matakalarmu, ko mai kawo tukunyar gas a ƙofa yake tsayawa. Muna hawa na huɗu, duk abin da za a kawo a kwando yake hawowa, irin wanda ake zurawa da igiya daga baranda, su nan sabat suke ce masa. Igiyar a hannuna take. Ummi kan ce, "Tsohuwa, da gwamnati ta san da ke da ta ba ki filin jirgi ki tsare." In ce mata, "Da ba a shigo da ke ba, ja'ira."

Da muka shekara sai muka ɗauki wata yarinya ta zauna a ɗaki na biyu, Musulma ce 'yar ƙasar Nepal, sunanta Ruksana. Ni da ban taɓa jin sunan ƙasar ba. 'Yar siririya, ba ta da hayaniya, ta tsinci Hausa a bakinmu har tana ce mini Kaka. Da safe tana makarantar share fagen shiga jami'a, bayan la'asar ta bi gidajen Misirawa tana koya wa 'ya'yansu lissafi da Turanci. Da wannan koyarwar take riƙe da gidansu can ƙasarsu. Ubanta tela ne idonsa ya fara mutuwa, ƙannenta mata biyu ita ta mayar da su makaranta. Yayarta wajen haihuwa ta rasu a hanyar asibiti, shi ya sa ba ta da magana sai ta zama ungozoma mai takarda ta koma ƙauyensu. Wata rana tana matsa mini gwiwa ta ce, "Kaka, ke me kika so ki zama?" Na daka mata tsawa na ce a zamaninmu ba a tambayar mace haka. Ba ta yi fushi ba. Washegari sai ga ta da ɗan littafi da fensir, wai za ta koya mini baƙaƙen Larabci. Na ce, "Bayan na tsufa?" Ta ce, "Yalla Kaka, alif sanda ce kawai, kin fi kowa sanin sanda." Na yi dariya na karɓa. Muna yi kaɗan-kaɗan in Ummi ba ta nan, don kada ta samu abin tsokana.

To ga abin da na yi. Akwai wani saurayi ɗan ƙasarsu, shi ma ɗalibi, sau biyu ina hango su daga baranda suna magana a inda ake hawa ƙananan motocin haya. Ban tambaye ta ba, na dai ƙulla a raina. Kwana goma sha ɗaya ke nan, bayan azahar, yaran duk suna makaranta, na ji ana kira daga ƙasa, "Ya Hajja! Ya Hajja!" Na leƙa, shi ne. Ya ɗaga wani babban ambulan, ya dafa ƙirji ya ce, "Ruksana." Yaron nan saboda dokata ya ƙi hawowa. Na zura kwando, ya saka, na janyo. Zuciyata ta ce wasiƙar soyayya ce, yau ta wannan, gobe a fara aiko wa jikata. Me zan ce wa ubanta? Ba don wannan aka ajiye ni ba? Na buɗe akwatina na tura ambulan ɗin cikin likkafanin da na wanko da zamzam, inda na san ba mai taɓawa.

Da magariba ta shigo da gudu ko takalmi ba ta cire ba. "Kaka, ina saƙona?" Na ce, "Wane saƙo? Ban ga komai ba." Ta tsaya tana kallona, ta ce wataƙila wani gidan ya kai. Washegari yaron ya zo da manyan ɗalibansu biyu, suka tsaya a ƙofa, Ummi tana fassara. Ya ce, "Hajja, ke na ba, kwando mai jar igiya." Da na ga an taru a kaina kamar an kama ɓarauniya, sai girman kai ya hau ni. Na ce, "Wallahi ban karɓi komai a hannunka ba." Na rantse, jama'a. Da bakin da nake azumin Litinin da Alhamis. Idon yaron ya kawo ruwa. Ɗaya daga cikin manyan ya tambayi Ruksana ko tana zargina. Ta ce, "A'a. Kaka tana da faɗa, amma ba ta ƙarya."

Sai bayan sun tafi Ummi ta yi mini bayani. Ashe yaron daga hutu ya dawo, uban Ruksana ya ba shi takardar shaidar gama makarantarta ta asali, wadda uban ya yi tafiyar kwana biyu zuwa babban birninsu da wannan idon nasa aka buga mata hatimai. Wannan takardar jami'a ke jira kafin a ba ta gurbin karatun jinya. Maganar da na gan su suna yi a bakin titi, ta wannan takardar ce. Na shiga ɗaki na kulle, na buɗe ambulan ɗin. Ga hatimai, ga hotonta tana ƙarama da kayan makaranta. Na juya bayan ambulan ɗin, yaron ya rubuta wani abu da Larabci. Na sa yatsa ina bi. Ra. Kha. Sin. Na haɗa su da kaina, sunanta ya fito. Kun ji? Abu na farko da na taɓa karantawa a duniya ba wanda ya taya ni, sunan yarinyar da ta koya mini ne, a jikin kayan da na sace mata.

Za ku ce me ya hana ni fito da shi a ranar? Nima tambayar da nake wa kaina ke nan. Kullum in ce gobe. In ɗauko shi in kai ƙofar ɗakinta, in juyo da shi. Ni da nake tsare 'ya'yan mutane, ni za a ce na yi rantsuwar ƙarya? Kuma bari in faɗi wanda ya fi muni, tunda na zo faɗa. Akwai wani abu a raina game da yarinyar nan tun da daɗewa. Ina ganin 'yar tela tana ɗauke da gida guda da abin da ke kanta, in tuna ni an ce mini karatu ba na mata ba ne, ban ko yi gardama ba. Ina sonta, wallahi ina sonta, amma wani lokaci in ta buɗe littafi sai in ji kamar da ni take. Shin tsaro na yi ranar nan, ko hassada? Ban sani ba.

Yanzu ofishin jami'a sun ce ranar Alhamis ɗin nan ce ƙarshe. In babu takardar gurbin ya wuce, izinin zamanta ma ba za a sabunta ba, sai gida. Sake fitar da wata a ƙasarsu watanni ne. Ta daina cin abinci sosai, amma ba ta fasa zuwa koyarwa ba, ta ce ƙannenta ba su san komai ba. Yaron kuma an ce 'yan ƙasarsu sun daina ba shi saƙo.

Na yi tunanin in jefa shi a kwando in ce na tsinta, ko in tura ta ƙarƙashin ƙofa. Takarda za ta fito, amma yaron zai zauna da sunan mai wasa da amana, rantsuwata kuma tana wuyana. In na faɗi gaskiya, Ummi ba ta ɓoye wa ubanta komai. Na san ɗana, zai ce in dawo gida, in kuwa na dawo ba zai bar ta a nan ba. Kuma da wane ido zan kalli Ruksana?

Jiya ta fara ɗaure littattafanta a kwali. Ta kawo mini ɗan littafina da fensir ta ce, "Kaka, baƙi huɗu suka rage miki. Ki daure ki bari Ummi ta ƙarasa miki, ma'alish, ki yi haƙuri in ta yi dariya." Ta zauna a kan akwatin nan nawa tana feƙe mini fensirin, takardarta tana ƙarƙashinta.

Yau Litinin. Na san ba za ta wuce Alhamis a akwatina ba, ko ni ba zan yafe wa kaina ba. Abin da ban sani ba shi ne da wane hannu zan miƙa ta, a ɓoye ko a gaban yaron da na ƙaryata. Masu ilimi a cikinku ku gaya mini har da kaffarar rantsuwar. Ku yi mini magana kamar uwarku ce ta yi wannan abin kunya.

Me zan yi?