Duna Na Zawo, Mai Gona Ya Ba Mu Kwana Bakwai

Malam Iliyasu, don Allah ka taimake ni, ko da za ka yi dariya. A kan kare nake rubuto maka.

Ni mutumin ƙasar Tawa ne. Cin rani ya kawo ni Goronyo, ranin ya koma shekara huɗu. Gadin albasa nake yi a gonar Alhaji Mu'azu, ƙasa da madatsar ruwa. Mutanen nan ba su cuce ni ba, gaskiya dai gaskiya ce, amma har yau Maigadi suke ce mani, ba wanda ya tambayi sunana. Na gida sun daina kira, ni ma na gaji da zama kullum mai kira. Wanda ke miƙewa in ya hango ni tafe shi kaɗai ne, Duna, baƙin karen da na tsinta yana ɗan kwikwiyo.

Yau kwana goma yana zawo, ya rame har haƙarƙarinsa ya fito. Kuma wallahi ban rage shi da komai ba, abin da na ci shi yake ci. Tuwo da miya, dafa-duka, albasa kuwa nan ba a auna ta, wadda ta fara laushi ita nake soya mana da yawa. Masunta na ba ni kayan cikin kifi. Da abin ya tsananta sai na sayo mashi fura da nono, don mu in ciki ya ɓaci ita ce ke shiga. Sai abin ya ƙaru.

Shekaranjiya ya ɓata gefen inda anka shanya albasa, kusa da wurin sallar ma'aikata, ga dillalai tsaye. Alhaji bai zage ni ba. Ya ce kwana bakwai, in bai warke ba in kai shi nesa in sake shi. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Sai dai shekara uku karenga na korar awaki da masu dogon hannu, ban ji wanda ya yaba ba. In ya tafi, Malam, da wa zan yi magana? Mi zan ba shi?

Baƙon Bakin Ruwa, Goronyo

Ɗan'uwa, ban yi dariya ba. Kiwon kare don gadi ya halatta, kuma ciyar da shi aikin lada ne.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: alherinka ne ke wahalar da shi. Albasa, ɗanya ko soyayya, guba ce ga kare, tana lalata masa jini. Nono kuwa yawancin manyan karnuka ba sa iya narkar da shi. Daga yau ka raba kwanonku. Ba miya, ba mai, ba yaji, ba kayan cikin kifi.

Ka bar cikinsa ya huta wuni guda, amma kada ruwa mai tsabta ya yanke a gabansa, ba na magudanar gona ba. Sannan ka dafa farar shinkafa ta yi lugub, ba gishiri, ka haɗa da ɗan dafaffiyar kabewa da dafaffen ƙwai. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu a wuni. Idan kashin ya daidaita, ka riƙa shigar da gayan tuwo sannu a hankali. Kada ka ba shi maganin mutane.

Amma kwana goma ba wasa ba ne, abinci kaɗai ba lalle ya isa ba. Ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi cikin makon nan, ya duba shi ya ba da maganin tsutsa. Idan ka ga jini a kashinsa, ko dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, to ranar za ka kai shi.

Alhaji yana da hujja. Albasar nan bakin mutane za ta shiga, wurin salla kuma ba a wasa da tsarkinsa. Ka ɗaure Duna a inuwa nesa da shanya, kana binne kashinsa. Ka je da kanka ka nuna wa Alhaji abin da ka yi. Wanda ya ba ka kwana bakwai ba tare da zagi ba, in ya ga gyara zai ƙara maka.

Kai kuma, ranar Juma'a kada ana sallame salla ka koma gona. Ka tsaya ka gaisa, ka zauna ko a gefen tabarma ne. Kare abokin zama ne, amma ba ya amsa sallama.

Allah Ya ba Duna lafiya, kai kuma Ya sanyaya maka zuciya.