Ba Zan Mayar da Bututun Iskar Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai na Shiyya,
Ofishin Ƙungiya, Hawa na Biyu.

Daga:
Makanikin Rumfa ta Tara, Babban Gareji,
wanda aka fi sani da Mai Kunne.

Litinin, 21 ga Agusta, 2023.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kulle rumfata saboda na cire bututun iska mai sanyi daga wata ƙaramar mota

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekarata ashirin da uku a rumfa ta tara, ban taɓa rubuto wa ofishinka ko layi ɗaya ba. Yau kwana tara ke nan da kwamitin garejinmu ya garƙame mini ƙofa, kayan aikina duk suna ciki. An ba ni wa'adi zuwa Asabar 26 ga wata: ko in bi umarninsu, ko a ba wani rumfar. Daga wannan rumfa mutum bakwai suke ci a gidana.

1. Ranar Asabar 3 ga Yuni, sakataren kwamitin, wanda ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi aiki a motar wata ungozoma. Ya cire akwatin tace iska da kamfani ya sa a sama kusa da inji, ya ɗaura dogon bututu mai sheƙi wanda bakinsa ya sauka har bayan bamba, bai fi kamu ɗaya daga ƙasa ba. Ya shaida mata cewa motar za ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Ita ba makanikiya ba ce, ta yarda.

2. Ranar Laraba 2 ga Agusta da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, tana hanyar asibiti inda wata mai naƙuda ke jiranta, ta shiga ruwan da ke kwanciya a gangaren kwalbati. Ruwan bai kai ƙofar mota ba, ƙananan motoci irin tata suna ta wucewa. Bututun nan ya zuƙi ruwan ya kai wa inji, motar ta mutu a tsakiya. Ta tattare zane ta fito, ta ƙarasa a bayan babur. Da aka jawo motar gareji ƙanena ya tafi sayen kaya, sai aka kawo mini. Na buɗe na tarar da ruwa a kan fistin, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin inji, sandar da ke riƙe da ɗaya daga ciki ta lanƙwashe. Kwana shida na yi a kanta. Akwatin kamfanin kuwa a tarin ƙarafa na tsinto shi bayan rumfar ƙanena, na wanke na mayar. Ranar da ta zo ɗauka ta tambaye ni, a gaban mutane, me ya kashe mata inji. Na faɗa mata.

3. Ranka ya daɗe, na san dokar garejinmu, da ni aka ɗaga hannu ranar da aka kafa ta. Makaniki ba ya warware aikin ɗan'uwansa, ba ya kushe shi a gaban mai mota, kuma wanda ya yi haka zai mayar da aikin da hannunsa a gaban taro. An yi ta ne don a daina ƙwacen kwastoma, ta kuma yi mana amfani. Amma ban ɗaga hannu don a rufe bakin mutum a kan abin da ke kashe inji ba.

4. Kwamitin ya zauna ranar Asabar 12 ga wata. Mutum biyar ne, huɗu daga cikinsu suna ɗaura wannan bututu, na biyar ɗin mai fenti ne. Sau uku ina miƙewa, sau uku ana cewa in zauna. Saboda haka abin da aka hana ni faɗa a can zan rubuta a nan. Gaskiya ne inji yana son iska mai sanyi, ban musa ba. A babbar motar tsere, a busasshen fili, wataƙila a ga bambanci. Amma ƙaramar motar da aikinta ke nan daga gida zuwa makaranta zuwa kasuwa, rabin rayuwarta a cunkoso, abin da take ƙaruwa da shi ko direban ba zai ji a ƙafarsa ba. Abin da ke ƙaruwa gurnani ne. Mai mota ya ji 'yar motarsa tana kuka kamar tirela, daɗi ya kama shi, ya ƙara taka totur don ya sake ji, mai ya tafi, ya dawo yana rantsuwa cewa yanzu tashi take yi. Da kunne nake gane ciwon inji, shi ya sa aka sa mini wannan suna, kuma ina tabbatar maka ƙara daban, ƙarfi daban. Samari masu son a waiwayo su a titi su saya, kansu suka yi wa. Amma a ɗaura wa ungozoma, a damina, a ce mata gyara ne? Wannan ya ƙona mini rai, har yanzu bai huce ba.

5. Hukuncin da aka yanke shi ne a dawo da motar ranar Asabar 26, in mayar da bututun da hannuna a gaban taro. Ungozomar, baiwar Allah, da ta ji an kulle ni ta zo har gida. Ta ce za ta kawo motar in ɗaura, washegari in cire a ɓoye, kowa ya huta. Na gode mata, na ƙi. Mutum fiye da hamsin za su tsaya suna kallo, a cikinsu akwai masu motoci, kuma abin da za su kai gida shi ne Mai Kunne ma ya ɗaura. Ranar cirewa babu wanda zai gani.

6. Wannan ba na ofishinka ba ne, amma ya kamata ka sani. Ranar Juma'a mahaifiyarmu ta kira mu mu biyu. Ƙanena ya zauna yana kallon tabarma. Ta ce ni ne babba, in yi haƙuri in rufa wa ɗan'uwana asiri. Shekarata arba'in da shida ban taɓa ce wa tsohuwar nan a'a ba sai ranar. Ta juya mini baya, ko sallamata ba ta amsa ba.

Don haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka abu uku. A cire kwaɗon da ke ƙofata kafin ranar wa'adi. A sa ranar gwaji a gabanka: mota ɗaya, direba ɗaya, hanya ɗaya, a auna mai a riƙe agogo, sau ɗaya da akwatin kamfani, sau ɗaya da bututu. Idan an gama a bi ta kwalbatin nan bayan ruwa, amma da motar sakatare. Na uku, a gyara dokar, ta yadda duk mai motar da ya tambayi abin da ya lalata masa inji za a iya ba shi amsa.

Idan ofishinka bai ga dalilin shiga maganar ba, ranar Asabar zan je taron kamar yadda aka umarta. Zan je da fararen kaya, ba da kayan aiki ba. Zan gaida kowa, in roƙi a buɗe in kwashe akwatina, su ba wanda suka ga dama rumfar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan kujera.

Naka mai biyayya a kan komai, ban da wannan,

(sa hannu)
Mai Kunne,
Rumfa ta Tara, zuwa ranar Asabar.