Jan Mai a Gorar Zoɓo

Assalamu alaikum Yaya Hajara. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Wata mata ce ke rubuta mini, muna asibiti a nan Lafiya.

Yaya, Baban Ummi ya kwance giyar motarsa a tsakar gida, irin mai canja kanta ɗin nan, wai zai gyara da kansa, bai taɓa yi ba. Man cikinta ja ne, ya juye a gorar da nake sayar da zoɓo. Ummi ta ɗauka ta kurɓa.

Na ɗauko manja zan ɗura mata don ta yi amai, ya riƙe hannuna. Likita ya ce da ta yi amai, da man ya gangara huhunta. Har yanzu tari take, ana duba ƙirjinta.

Ku taya mu addu'a. Ki gaida kowa, amma don Allah kar Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi