Jawabin da Ka Fassara, Abban Hajara

Abban Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wata goma sha ɗaya ke nan ba ni da wanda zan buɗe wa cikina.

Hajara ta cika sha huɗu. Malamarsu ta ba su aiki a kan jawabin limamin cocin nan na baƙaƙen fata, wanda ya yi a gaban dubban mutane a Washington, wanda ka taɓa fassarawa a gidan rediyonku. Ta zo tana tambayata da Turancinta me ya sa yake ta nanata jimla ɗaya. Sai na tuno ka a teburin kicin kana karantawa da ƙarfi, kana buga yatsa. Ka ce mutumin ya san aikinsa. Ya fara a hankali kamar mai karanta takardar kotu, sannan ya koma wa'azi, yana kiran sunayen duwatsu da jihohi ɗaya bayan ɗaya har kowa ya ji an ambaci garinsu. Kwana uku kana jayayya da kanka a kan jimlar da yake nanatawa, mafarki za ka sa ko buri. Ka zaɓi buri, wai Bahaushe ba ya dogara da mafarki.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka kai mu matakalar da limamin ya tsaya a kai ya yi jawabin, ka yi hawaye, ni ma na share ido don kada ka ji kunya. Ban ji komai ba, Abban Hajara. Tunanina yana kan abin da ka faɗa mini a jirgin ƙasa, cewa bayan 'yan shekaru harbe shi aka yi. Mai baki irin wannan ma ba su ƙyale shi ba, mu fa?

An rufe sashenku na Hausa. Makon jiya wasu mutane marasa kaki suka tsaya a ƙofar gininmu a Silver Spring, nan gefen Washington, suka tafi da maƙwabcinmu ɗan Gini yana riƙe da ledar cefane. Har yau matarsa ba ta san inda yake ba. Sahun Juma'a ya ragu. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai motsi.

Ka san takardar zamana a kan aikinka take. Wasiƙa ta zo daga ofishin shige da fice, in je ranar Laraba. Lauya ta ce in haɗa ƙaramar jaka, in kuma rubuta sunan wanda zai riƙe Hajara, tunda ita a nan aka haife ta. Ban faɗa wa yarinyar ba. Da wane baki zan fara?

Sunan ƙanwarka Bilkisu ta garin Gaithersburg na rubuta, duk da ba mu yi magana ba tun saɓanin da muka samu ranar sadakar uku. Gobe zan je in durƙusa in ba ta haƙuri, ko da ni ce mai gaskiya. In aka mayar da ni Zariya, kai kana nan, 'yarka tana nan. Dole a samu mai kawo ta kabarinka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mana baki ɗaya.

Matarka,
Rabi