Rainon Jikana da Karan Gonata

Daga Gwandu, zuwa ga ƙanena Umaru a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya, sai gwiwar nan da ka sani.

Bayan haka, ɗiyata Hajara ta gama wankan jego, aka aiko cewa ta koma aikinta na ungozoma ko a ba wata. Ba mai riƙe mata jariri sai Inna Dije, tsohuwar Bafillatanar bayan kasuwa. Da ta ji ana albashi, sai ta ce a ba ta rabi. Mijin Hajara har ya soma cewa ta haƙura da aikin.

Na ɗauki sandata na je. Na ce, "Inna, in shanun 'ya'yanki sun taso daga Kalgo bayan girbi, ina suke kwana?"

Ta ce, "Inda mai gona ya ga dama, Malam."

Na ce, "To, kara da harawar gonata nasu ne. Ke kuma goro da sabulu, ki bar wa yarinya albashinta."

Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Tsohon wayo, taki kake nema!" Amma ta amsa.

Na ƙare ƙuruciyata ina yi wa En'e, hukumar gargajiya ta da, aikin rubutu, aka sallame ni ba ko sannu. Ban taɓa ƙulla magana mai daɗin wannan ba. Hajara ta koma aiki, yaro na bayan Inna.

Ka sa shi a addu'a, Allah ya raya shi, ya haɗa shi da masu sanin darajar mutum. Gaida Hawwa da yara.

Yayanka,
Abdu