Irin Dawar Baba

Zuru, 3 ga Mayu

Yaya Keziah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da ƙafar da ke damunki.

Labari ya iske ni a bakin kasuwa, ba daga bakinki ba, wai kin sauke Aaron da iyalinsa a gidan ubanmu, kuma kina shirin raba irin dawar Baba biyu ki ba shi rabi. Aaron ɗan mutumin da ya cinna wa rumbunmu wuta! Na san 'yan bindiga sun kore su daga wajen Kanya, to ni na kore su? Irin nan dami huɗu ne kacal, iyakar abin da zai rufe gonarki da tawa. Shekara sittin da wani abu muna adana shi daga damina zuwa damina. Kada ki taɓa ko zangarniya ɗaya.

Ƙaninki,
Sila, Saje mai ritaya

Gida, kusa da Mahuta, 9 ga Mayu

Sila,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Ƙafa da sauƙi, tana ciwo ne kawai idan na yi tafiya ko na zauna.

Na ga ka sa mini Saje a ƙasan takarda. Na gode da tuni, ni da na goya ka.

Tunda ka ɗauko zancen wuta, bari in ba ka shi da kyau, don ranar kana da shekara huɗu, kana bayana kana kukan tuwo. Baba ne ya fara bin Yesu a kan dutsen nan. Da ya ƙi ba da hatsin giyar dodo, aka hana shi gayya, shi kaɗai yake noma gonar da maza ashirin suke yi. Bai daina ba, sai uban Aaron ya zo da rana tsaka, gari na kallo, ya sa wuta. Masu bi su bakwai ne lokacin, har da Baba. Suka durƙusa a kan tokar tun tana da ɗumi. Na kasa kunne in ji an roƙi aradu ta sauka, sai na ji Baba yana cewa a ƙara musu ƙarfin hali kada bakinsu ya mutu. Haushi ya kama ni, ban ɓoye maka ba. Washegari gidaje shidan nan kowa ya kawo dami ɗaya. Irin da kake kira na Baba, na mutane ne suka ba shi.

Aaron ya zo da jikoki tara da tabarma ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa.

Yayarka,
Keziah

Zuru, 13 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ban tambaye ki wa'azi ba, muna da fasto a nan. Waɗancan shida 'yan'uwa ne suka ba ɗan'uwa. Wannan fa? Uwarmu ta rasa jaririya a yunwar shekarar nan, ko kin tsallake wannan wurin ne da gangan? Aaron ya shiga ruwan baftisma ya fito da sabon suna, shi ke nan sai mu manta? Bai taɓa buɗe baki ya ce mana a yi haƙuri ba.

Ga kwaɗo na ba direba Gabriel ya kawo miki. Ki kulle rumbun, makullin yana hannuna. Idan kin ƙi, kada ki sake kira na ƙaninki.

Sila

Gida, 17 ga Mayu

Sila,

Salama gare ka, ko kana so ko ba ka so.

Kwaɗo ya iso, mai kyau ne, har da ƙyalli. Na zagaya rumbun sau biyu ina neman ƙofar da zan maƙala shi. Barikin soja ya mantar da kai rumbun laka ta sama ake shigarsa, a ɗaga jinka a sauka? Na sa shi a akurkin kaji.

Ban tsallake jaririya ba. Ni na riƙe ta har ta yi sanyi, kai ko sunanta ba ka sani ba. Kada ka koya mini abin da aka yi mana. Gaskiyarka ɗaya, Aaron bai ba da haƙuri ba. Idan ya gaishe ni, ƙasa yake kallo. Ni ma har yau ban iya cin abinci yana zaune a wurin. Amma jikokinsa ba su ƙona komai ba, kuma ba zan tsaya gaban Allah ranar Lahadi da rumbu a rufe ba.

Na ba shi dami biyu jiya.

Yayarka har yanzu,
Keziah

Zuru, 20 ga Mayu

Keziah,

Na karɓi saƙonki. To kin ba da naki ne. Biyun da suka rage nawa ne. Kada hannunsa ya taɓa su, kada ƙafarsa ta taka gonata. Zan zo da kaina in shuka idan na samu hali.

Sila

Gida, 26 ga Mayu

Ƙanena,

Ina gaishe ka da Gladys da yara.

An yi ruwan shuka ranar Talata, mai yawa. Na jira ka kwana biyu, ƙasa ta fara bushewa. Ranar Alhamis Aaron ya fito da jikokinsa, ya tambaye ni iyakar gonarka, na nuna masa. Sun shuke ta kaf kafin su taɓa inda na ara musu. Ban sa shi ba, ban kuma hana shi ba.

Dawarka tana cikin ƙasa, Sila, kuma hannunsa ne ya sa ta. Idan ba za ka ci ba, ka zo ka tone.

Allah ya kiyaye hanya.

Keziah